Gwadon da Na Rufa wa Kabad ɗin Hedimasta

Ga wata nan tafe gare ku. Mai aiki ya ajiye aikinsa, mai tsaye ya nemi wurin zama, don wannan a kaina aka yi ta, a nan Gombe, a Pantami, kuma waɗanda aka yi ta da su suna nan da ransu suna cin tuwo. Ni ban taɓa shiga aji ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Amma na yi shekara goma sha ɗaya ina suyar awara a bakin ƙofar wata makarantar firamare, bayana jingine da bangon ofishin hedimasta, kuma bangon nan yana da taga.

Mu asalinmu daga wajen Katsina muke. Fatauci ya kawo maigidana Gombe, a nan ya rasu, a nan na tsufa. Yaran makaranta suka laƙaba mini Dada, yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran uwa, har malamai suka ɗauka. A cikin malaman nan akwai wata mai koyar da aji uku. 'Yata ce ta fari.

To, ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. Yadda aka raine mu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa a gaban mutane, ko kallonsa ba ta cika yi in da ido. Wannan ita ce alkunya, kuma ni na riƙe ta da haƙorana. Malama nake ce mata kamar kowa. In ta sauko daga keke da safe ta ce, "Dada, ina kwana," sai in amsa idona yana cikin kasko. Akwai malaman da suka shekara ba su san ni na haife ta ba. A Tumfure take aure, hanya ce mai nisa, saboda haka in an tashi takan biyo ta gidana ta yi azahar, ta ci abin da ta samu, sannan ta kama hanya. In tana da maganar da take so in ji, sai ta zauna a tsakar gida ta faɗa wa kajina. Ni kuma in ina da amsa, tukunya nake bai wa.

Wata shekara bayan ɗaukewar damina sai ga mota a ƙofar makaranta. Mutanen wata ƙungiya ne suka kawo kwalaye ashirin, suka kuma kafa sola a kan rufin ofis. A cikin kowane kwali akwai wani allo na gilashi, bai kai faifai faɗi ba. Malamai na ce masa tabilet, ni allo nake ce masa har gobe. Aka ce yana magana, yana nuna hoto, yana riƙe muryar mutum ya mayar masa da ita.

Hedimastan dogon mutum ne, kaftaninsa kullum da sitaci, makullai na kaɗawa a aljihunsa. Yana da kabad mai gilashi a ofis, irin wanda muke jera wa amarya tangaran, wanda ba a cin abinci a ciki har ta tsufa. Can ya jera allunan nan, kowanne da ledarsa manne a fuska yadda ya fito daga kwali, ya datse da kwaɗo. In baƙo ya shigo sai ya nuna masa ta bayan gilashi.

A farkon shekara akan ba kowane malami takarda ya rubuta abin da yake son cim ma a ajinsa. Yawancinsu ta bara suke kwafewa su canza kwanan wata. Ita kuwa Malama kwana biyar ta yi tana rubutu tana sokewa. Ranar da ta gama ta zo gida, ta zauna a kan turmi, ta buɗe takarda ta fuskanci kaji.

"Ku saurara, ku masu tsattsage-tsattsage," in ji ta. "Ajina yara sun fi hamsin. Na bencin baya ba sa buɗe baki. Wani a gidansu Tangalanci ake yi, wani Fulatanci, wani Teranci, in na ce ya tashi ya karanta sai harshensa ya sarƙe, aji ya kwashe da dariya, shi ke nan na rasa shi har ƙarshen shekara. Ina so yaro ya ɗauki allon nan ya koma gefe, ya karanta masa ba mai ji, allon ya mayar masa, ya ji da kunnensa inda ya yi tuntuɓe, ya sake. Allo ba ya dariya, ba ya riƙe bulala. Amma sai na fara koyonsa ni kaina, don ban iya ba tukuna. In na iya, kafin shekara ta ƙare in koya wa malamai biyu, kada abin ya tsaya a kaina."

Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa: "Kuma akwai iyayen da in an kai musu takardar sakamako sai su juya ta sama su juya ta ƙasa, su sa a ƙarƙashin katifa. Ina so in tura musu muryar ɗansu a waya, su ji yana karatu."

Na san da wa take. Takardunta na makaranta duk a ƙarƙashin katifata suka tsufa. Na ce wa tukunya, "Allah ya sa a dace," na ci gaba da tuƙi.

Hedimasta ya sa hannu a takardar bai karanta ba. Ta nemi allo, ya ce sai an yi bikin buɗewa. Ta sake nema, ya ce sai an turo masu koya musu. Ta nema na uku, ya ce, "Malama, kin cika gaggawa, kayan nan amana ne." Ana nan sai aka yi masa rasuwa a garinsu, ya tafi na mako guda, ya bar makulli a hannun mataimakinsa. Malama ta roƙi mataimakin, ya ba ta allo ɗaya. Ledar fuskarsa ta toshe ɗan ramin da murya ke shiga, sai ta ɓare ta ta jefa a kwandon shara. Kwana huɗu yaran bencin baya suna layi a bayan aji suna yi wa allo karatu. Ina hango su daga bakin ƙofa, yaro ya kara kunne ya ji muryarsa, ya rufe baki da hannu yana dariyar kansa. Ranar Juma'a, da sanin mataimakin, ta tafi da shi Tumfure don ta ƙara koyonsa a hutun mako. Ran Litinin ta dawo da shi a jakarta, ta tarar hedimasta ya riga ta isowa, ya ƙirga, ya ga sha tara. Mataimakin kuwa ya rantse bai san an fita da shi daga makaranta ba.

A taron safe aka yi ta. Yara sun jeru aji-aji, malamai na gefe. Ya hau kan dakali, allon a hannun dama, ledar da ya sa aka tono daga shara a hannun hagu, duk ta cukuikuye.

"Wannan sabo ya zo," in ji shi. "Yanzu tsoho ne. An yi masa tsirara." Ya juya ga yara da muryar da ake koya musu karatu. "Yara, wanda ya ɗauki kayan makaranta ya kai gidansa ba da izini ba, yaya sunansa?"

Suka haɗa baki: "Ɓarawo!"

"In mace ce fa?"

"Ɓarauniya!"

"Ban ji ba."

Suka ɗaga murya har masu shaguna suka leƙo. A cikin masu ihun nan har da yaran bencin baya, don yaro abin da aka ce ya faɗa yake faɗi. Malama tana tsaye, hannunta a cikin hijabi, ba ta motsa ba. Waɗanda suka san tsakaninmu suka juyo suna kallona. Ban ɗaga kai ba. Awarar da ke cikin mai ta yi baƙi ƙirin, ina kallonta, ban tsame ba. A nan take ya cire ta daga aji uku ya mayar da ita ajin reno, inda aikin bai wuce share majina da kai yara bayan gida ba.

Da aka fita tara sai ga shi a bakin kaskona, yadda ya saba.

"Dada, kin ji abin da ya faru. Ba ki dai ji haushi ba ko?"

Na ce, "Malam, tsakaninku ne ku malamai. A sa yaji da yawa?"

"A sa. Ai na san ki, ke mai kara ce. Da irinku suna da yawa da aiki ya yi sauƙi."

Ya karɓi awararsa ya tafi yana taunawa. Ya san al'adarmu sarai, ya san ba zan buɗe baki a kan 'yar fari ba, shi ya sa ya yi abin a gabana hankalinsa kwance. Abin da bai sani ba shi ne, alkunya baki kaɗai take ɗaurewa.

Maganar ba ta tsaya a makaranta ba. Yara suka riƙa bin kekenta suna rera kalmar nan kamar waƙa. Ta isa Tumfure kafin sati ya zagayo. Aka yi suna a dangin mijinta, tana shiga ɗaki wata ƙanwar mijin ta ce, "Kowa ya riƙe wayarsa, Malama ta iso," mata suka yi shewa. Wai wasa ne. Ta rame, wuyanta ya fito. Tana zuwa gidana ta yi sallah ta tafi, kaji ba su ƙara jin muryarta ba.

Kusa da ni a bakin ƙofar akwai wata mai teburin biskit da littattafai, Madam muke ce mata. Iyayenta daga ƙasar Ibo suka zo, amma a nan unguwar Herwagana aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Mijinta gyaran waya yake yi a kasuwa. Shekara takwas muna zaune kafaɗa da kafaɗa, in na tashi sallah ita ke duba mini kasko. Ita ce ta kasa haƙuri.

"Mama, 'yarki ce fa! Cikinki! In ni ce, da na tuɓe masa hular nan na tsoma a manki."

Na ce, "Ba a yin haka a wurinmu."

"Wurinku! Kullum wurinku. To shi kansa wawa ne bai sani ba. Na ba maigidana labari, ya yi ta dariya. Ya ce allon nan in ba a ba shi wuta a kai a kai, batir ɗinsa mutuwa yake yi, in ya sha zafi ma ya kumbura kamar fanke. Bari in shiga in gaya wa hedimastan a gaban malamansa, ya ji kunya."

Ta miƙe. Na kama wuyan hannunta. Ban taɓa riƙe ta haka ba, har ta tsorata.

Na ce, "Zauna. Wata nawa yake ɗauka kafin ya mutu?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Ya ce in wurin da zafi, shekara ta isa."

"To ki rufe bakinki shekara guda. Kin iya?"

"Mama," in ji ta a hankali, "ashe ke ce abin tsoro a ƙofar nan."

Ranar na ci abinci har na ƙara.

Daga nan na shiga aikina, kuma aikina yabo ne. Kullum ya zo sayen awara sai in ce, "Malam, an ce babu makarantar da ta iya adana kaya kamar taka. Wasu an ba su, yara sun farfasa cikin wata guda." Sai ya gyara hula. Wata rana ya zo da damuwa a fuska, ya ce masu kayan sun turo saƙo a waya wai a riƙa sa musu caji lokaci-lokaci, yana tunanin ya fara.  Na ba shi labarin rediyon maigidana da aka jona a wuta ta yi ƙara ta ƙone ƙurmus. Gaskiya ne an yi haka, sai dai ban gaya masa shekara talatin ke nan ba, kuma tsawa ce ta faɗo a unguwa.

Na ce, "Ni jahila ce, Malam, ban san komai ba. Amma in ɗaya ya ƙone a hannunka, wa za a tambaya? Masu turo saƙo suna can a ofishinsu."

Ya tsaya da tauna. Ya ce, "Kin yi magana, Dada." Bai ƙara tayar da zancen caji ba.

Da bazara ta matso na ce masa kabad ɗin nan ya cika zama a idon jama'a, kowa ya shigo sai ya ƙyalla ido, kuma ya riga ya ga abin da ido ya jawo masa. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a bayan ofis, rufinsa kwano ne ba silin, ba taga, in ka shiga da rana kamar ka leƙa tanderu. Na ce can ya fi sirri. Ya sa aka ciccibi kabad aka kai. Ni kuma na buɗe akwatina na ciro gwado, saƙi mai kauri wanda uwata ta ba ni, na kai masa da hannuna na ce a lulluɓe saboda ƙura. Ni na lulluɓa, na soke gefe da gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Ya tara malamai ya ce, "Ku yi koyi da tsohuwar nan. Ba ta yi boko ba, amma ta fi wasunku sanin darajar kaya." Malama tana cikinsu, tana kallon ƙasa.

In masu kayan sun nemi shaida, sai ya fito da allunan, ya zaɓi yara masu sabon yunifom, ya ba su su riƙe, ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura, a mayar a kulle. Shi kuwa allon da aka ɓare, tunda a wurinsa ya riga ya lalace, sai ya ajiye a aljihun teburinsa. Shi kaɗai ke shan wutar sola. Kullum da hantsi, in malamai sun shiga aji, sai in ji waƙar fim ɗin Indiya tana fitowa ta tagar da ke bayana, a hankali.

Bazara ta zo ta wuce, zafin da ke sa kwano ya yi ta ƙara shi kaɗai. Damina ta zo ta wuce. Wata bazarar ta sake kamawa. Ina zaune ina suya. Madam takan dube ni ta girgiza kai.

Rannan sai aka ce masu kayan za su zo da kansu. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka gayyaci iyaye. A irin wannan taro akan tsayar da tsohuwa ɗaya ta yi godiya a madadin iyaye mata, ta sa albarka. Hedimasta da bakinsa ya zaɓe ni.

"Kalma biyu kawai, Dada. Ki gode, ki yi addu'a, ki zauna."

Na ce, "Yadda ka ce, Malam."

Na sa atamfata ta Sallah. Shugabar baƙin wata 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan murmushi. Yara sha tara suna gaba a kan benci, kowanne rungume da allo mai leda. Hedimasta ya yi jawabi da Turanci mai tsawo, aka tafa. Aka kira ni.

Na yi sallama, na gode wa baƙi, na yi wa iyayensu addu'a, na yi wa motarsu addu'a ta mayar da su lafiya. Aka yi ta amin. Sannan na ce, "Ina da roƙo ɗaya, roƙon tsohuwa. An ce allon nan yana magana. Shekara ɗaya da rabi da kawo shi, ina bakin ƙofar nan ban ga yaro ya sa shi magana ba, wataƙila idona ne ya yi rauni. Kafin Allah ya karɓi abinsa, ina so jikata ɗaya a cikin waɗannan ta sa shi ya yi mini ko da sallama ce."

Jama'a suka yi dariya suka tafa, sun ɗauka ban dariyar tsofaffi ce. Hedimasta ya taso da sauri. "Dada, lokaci ya ƙure, baƙinmu suna da nisa..."

Mai tabarau ta ɗaga hannu. "A'a, Malam. Mama ta yi gaskiya. Abin da ya kawo mu ke nan." Ta nuna yarinyar da ke bakin benci. "Zo, 'yata, kunna wa Kaka."

Yarinyar ta taso. Ta juya allon gaba, ta juya shi baya, ta dubi hedimasta. Sannan ta ce da ƙaramar murya, "An ce mu riƙe kawai, kada mu taɓa gilashin."

Ba wanda ya tafa. Mai tabarau ta karɓa ta danna, shiru. Ta juya bayansa ta ga ya ɗago, ya tsage ta gefe. Ta karɓi na biyu. Ta karɓi na uku. Ta sa aka kai ofis aka jona a sola, aka jira, ko ƙyaftawa. Ɗaya bayan ɗaya har sha tara, tana ajiye su a kan tebur kamar ana jera gawa. Ni kuwa ina tsaye, don ba wanda ya ce in zauna, kuma ban so in zauna ba. Ina kallon gumi yana bin wuyan kaftanin nan, sitacin yana saki.

Mai tabarau ta ce, "Ashirin muka kawo."



Na ce, "Ko shi ne wanda ke waƙar Indiya a ofis kullum da hantsi? Wannan kam lafiyarsa ƙalau, muryarsa har bakin kaskona."

Wani malami ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Aka ɗauko allon daga aljihun tebur. Ana taɓawa ya kawo haske, fim ɗin ya ci gaba daga inda aka tsaya jiya.

Mai tabarau ta kashe shi. Ta dubi layin malamai ta ce, "Duk makarantar nan babu malamin da ya taɓa neman ya yi aiki da su?"

Sunan yana kan harshena. Shekara talatin da huɗu ban furta shi ba, kuma ranar ma ban furta ba. Na dubi ƙasa. Sai ga muryar Madam daga bayan rumfa, inda take tsaye da tiren biskit a ka.

"Akwai! Tana can ajin reno tana wanke kashin yara! A kira ta mana!"

Aka kira ta. Ta zo da jirwayen majina a kafaɗar hijabinta. Aka tambaye ta me ta so yi da allon, ta faɗa, kalma bayan kalma, yadda ta faɗa wa kajina. Mai tabarau ta ce ta nuna mata karatun yaran na kwana huɗun nan. Ta karɓi allon ta nema, ta sake nema. Babu. An share don fim ya samu wuri. Ban ga ta yi kuka ranar taron safe ba, amma a nan sai da ta juya baya.

Baƙi suka tafi ba su taɓa lemon da aka jera musu ba. Washegari na je gidan shugaban iyayen yara, dattijo ne a unguwarmu. Ban ambaci kowa ba. Na ce, "Alhaji, akwai kalmar da aka sa yara suka faɗa a taron safe. A inda aka faɗe ta nake so a janye ta, da bakin da ya fara ta." Ran Litinin hedimasta ya hau dakalin nan. Ya fara cewa an samu 'yar rashin fahimta, Alhaji ya ce, "Ba mu ji ba, Malam, ɗaga murya." Sai da ya faɗa a fili cewa Malama ba ta saci komai ba, shi ne ya zalunce ta. Alhaji ya sa ya maimaita. Ni na so a yi sau uku, amma biyun ma na karɓa.

To, amma da aka buɗe ɗakin ajiya kowa ya ga gwadona, kuma bakin Madam da ya yi shekara a ɗaure ya kwance gaba ɗaya. Malama ta ji komai. Ta zo gida da azahar, ba ta nemi turmi ba, ba ta nemi kaji ba. Ta tsaya a gabana ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya.

"Inna, alluna sha tara. Kin san za su mutu, kika lulluɓe su da hannunki."

Na ce, "Na sani."

"Kin san yara nawa za su koyi karatu da su? Da kin bar Madam ta gaya masa tun farko..."

"Da ya ba su wuta ya mayar cikin kabad. Kuma da har yau ana ɓoye waya in an shiga ɗakin suna."

"Sunana ya fi yaran mutane?"

Na ce, "Ni ba allo na haifa ba."

Iyakar abin da na taɓa gaya mata ke nan a kan haihuwarta, tun da aka yanke mata cibi. Sai ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ci abinci ba. Wata biyu ba ta tako gidana ba.

Ga yadda kowa ya ƙare. Masu makaranta sun sallami hedimasta kafin ƙarshen zangon. Yanzu yana zaman shagon wani ɗan'uwansa a kasuwa, yana sayar da bokitai. In na je cefane nakan bi ta gabansa da gangan, in tsaya in gaishe shi gaisuwa mai tsawo, in tambayi iyali ɗaya-ɗaya, shi kuma dole ya amsa. Mataimakinsa da ya yi rantsuwar ƙarya shi aka ba kujerar, duniya ke nan, amma ba ya haɗa ido da ni. Mai tabarau ba ta sake dawowa ba, ƙungiyarsu ta kwashe matattun allunan ba ta aiko da wasu ba. Madam ta samu shago a Herwagana, ta bar bakin ƙofa, takan aiko mini da shinkafa da kaza in sun yi Kirsimeti.

Malama ta koma aji uku da allo ɗaya tak. Yara suna bin layi, sai an yi sati uku kafin ya zagayo kan yaro, amma yana zagayowa. Ta koya wa malamai biyu kamar yadda ta rubuta, ta ƙara da na uku. Ta dawo cin abinci a gidana, sai dai zancen nan ba mu sake taɓa shi ba, kuma na san ba ta sauko daga ra'ayinta ba.

Ni kuwa gwiwa ta hana ni zaman kasko, ina gida. A kan yaran da suka rasa alluna na nemi gafarar Ubangiji, ina kuma nema. Limamin unguwarmu ya ce shi ma mutumin can in yafe masa tun muna duniya. Na ce masa zan yi tunani. Har yanzu tunanin nake yi.